Yarona ya tafi da wayar shago, gobe sai kotu

Alhaji Mai Sola: Salamu alaikum jama'a. Yau kwana huɗu ban yi barcin kirki ba. Yarona da na ɗauko daga ƙauye bai san jar waya da baƙa ba, shekara shida yana hannuna, ni na koya masa hawa kwano da ɗaure fano da haɗa batir. Zafi na shigowa, lokacin da kowa a Yamai ke neman sola, sai ya ajiye mini makulli ya buɗe nasa shago a Katako, ƙofa biyar tsakaninmu. Ya tafi da wayar shago, duk lambobin mutanena na ciki. Jiya wata hajiya ta Yantala ta kira layin, ya je ya yi mata aiki, ita tana zaton ni na aiko shi. An ce mini akwai alƙalin gaggawa, refere, da zai rufe masa shago cikin sati guda, ya hana shi sana'ar a Yamai gaba ɗaya. Gobe can na nufa. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho.

Ɗan Adar: Tsaya Alhaji. "Yarona" ka ce? Na san shi hwa. Mutum mai mata da ɗiya biyu, gemu ya cika mashi huska, shi ne yaro?

Alhaji Mai Sola: Ko ya yi jika yarona ne. A gidana ya ci, a gidana ya kwana.

Hajiya Mai Ɗinki: Yaro ne mana! Duk wanda ka ɗora wa almakashi a hannu yaronka ne har kabari. Ni uku suka yi mini haka, ɗaya har da littafin awon mutane ta tafi ana saura kwana goma Salla. Amana yanzu sai dai wurin aika kuɗi.

Makanike na Bukoki: Wannan kalma ita ce duk cutar. In lokacin biya ya zo "yarona ne, ɗan gida ne", a ba shi jika biyu ya sha shayi. In ya tashi tafiya sai a tuna da kotu. Alhaji nawa kake ba shi a wata?

Alhaji Mai Sola: Ban zo nan lissafi ba. Ni na yi masa aure.

Makanike na Bukoki: Aure ba albashi ba ne. Tun Janairun 2024 mafi ƙarancin albashi jika 42 ne a ƙasar nan. Ya kai? Ka sa shi a CNSS, asusun fansho da inshorar ma'aikata?

Metir Gobe: Don Allah ku bari in ce wani abu a kan tambayar Alhaji, tunda ita ya kawo. Refere ba ya yanke asalin rigima. Umarni ne na wucin gadi, kuma sai ka nuna gaggawa da hujjar da ba ta buƙatar dogon bincike. Zai iya cewa a maido wayar shago, ko a daina karɓar aiki da sunan shagonka, har ya ɗora tara a kan kowace ranar da aka ƙi bi. Amma hana mutum sana'arsa a gari duka, Baba Alhaji kada ka sa rai. Kafin komai ka nemi husiye, jami'in shari'a mai rubuta shaida a hukumance, ya rubuta abin da ya gani da abin da hajiyar Yantala ta faɗa. Sannan a duba layin wayar, da sunan wa aka yi masa rajista?

Alhaji Mai Sola: Da katinsa aka saya, ran nan nawa ba ya jikina. Amma kuɗina ne.

Ɗan Adar: To ashe wayar yaro ce!

Hajiya Mai Ɗinki: Kai ma ga shi ka ce yaro.

Ɗan Adar: Bakin Alhaji na ara, Hajiya.

Malam na Harobanda: Yaro ba zagi ba ne a Hausa. Yaron sarki dattijo ne wani lokaci, da rawaninsa. Ku 'yan boko kun ɗauko fassarar Faransanci kuna aunawa da ita.

Makanike na Bukoki: Yaron sarki doki ake ba shi da gona, Malam. Ni shekara tara na yi ƙarƙashin mota ana ce mini yaro, ranar da na fita ko sufana guda ba a ba ni ba.

Hajiya Mai Ɗinki: Kai da ka riƙe mini mota wata biyu a kan abin kwana uku, yau kai ne mai wa'azin haƙƙi?

Makanike na Bukoki: Hajiya kayan daga Kwatano ake jira, iyaka na rufe, ni zan buɗe ta? Kuma cikon jika bakwai ɗina har yau shiru.

Hajiya Mai Ɗinki: Ka zo ka karɓa ran da ƙarar nan ta gaba ta daina.

Ɗan Adar: Mu a Tawa maigida shi ka buɗe ma yaro shago da hannunai in ya ƙware, ya haɗa mashi da albarka.

Malam na Harobanda: Mutanen Tawa da ke tafiya Abijan su bar maigida da shago, su za su koya mana?

Ɗan Adar: Kuɗin Abijan ɗin ne ya gina rabin unguwarku.

Metir Gobe: Kalmar da kuke faɗa a kanta, kotu ba ruwanta da ita. Dokar ƙwadago ta 25 ga Satumba 2012 tana kallon ko mutum na aiki ƙarƙashin umarnin wani ana biyansa. In haka ne ma'aikaci ne, ko an rubuta takarda ko ba a rubuta ba. Rigimar maigida da ma'aikaci ta sufeton ƙwadago ce da kotun ƙwadago, ta kishiyar kasuwa kuma akwai kotun kasuwanci ta Yamai. Baba Alhaji ka sani, ranar da ka kai shi, shi ma yana iya tayar da zancen albashin baya da hutu da CNSS na shekara shida.

Alhaji Mai Sola: Kai ɗan wa ne? Ka gama makarantar tukuna.

Hajiya Mai Ɗinki: Shi ma yaro ne ai.

Shugaban Zaure: To ya isa haka, an kira magariba. Abin da na fahimta, kuma ni ma mai shago ne na san zafin abin: jama'a sun yarda yaro yaro ne, kuma an ci amanar Alhaji. Malam ya kawo hujja mai ƙarfi ta yaron sarki, ba wanda ya iya ture ta. Ɗalibinmu ya tabbatar da cewa kotu za ta karɓo wa Alhaji wayarsa. Zancen albashi ba shi aka tambaya ba, na ajiye shi gefe. Hajiya da Makanike ku same ni a shago gobe.

Metir Gobe: Ranka ya daɗe ban ce za ta karɓo ba. Layin da sunansa yake.

Shugaban Zaure: An rufe.