Wace kalmar Hausa za mu ba "double-ender"? Ni na tsaya kan "ɗaukar tushe"

1/ 'Yan uwa masu haɗa hirar bidiyo daga nesa, ina so mu tsayar da magana kan kalma ɗaya. Turawa na cewa "double-ender". Kai da baƙonka kuna hira ta Zoom ko Google Meet, amma kowa na ɗaukar hotonsa da muryarsa a na'urar da ke gabansa. In an gama, baƙo ya turo fayil ɗinsa, mai tacewa ya haɗa su.

2/ Ga abin da ya sa na damu. Bara na yi hira da wani dattijo masanin tarihi, kuma abin da ke zuwa mini ta intanet kawai nake ɗauka. Muna wajen minti 30 ya shiga labarin da ya ji daga bakin mahaifinsa, muryarsa har rawa take. Nan take hoton ya daskare, bakinsa a buɗe, hannunsa a sama, maganar tana zuwa gutsi-gutsi. Da sabis ya dawo na ce, "Malam, a yi mini afuwa, a ɗan maimaita." Ya maimaita, amma wancan zafin ya riga ya wuce. Da waya ɗaya aka jingina a gabansa tana ɗauka, da ba a rasa ko harafi ba. Na san dabarar, sai dai ba ni da sunan da zan kira ta da shi a gabansa ba tare da dogon bayani ba, shi ya sa na bar ta.

3/ Dabarar ta girmi intanet. Gidajen rediyo kan tura ma'aikaci da rakoda wurin baƙo, a yi hirar ta tarho, daga baya a haɗa faifan biyu. Yanzu manhajojin ɗaukar hira irin su Riverside da Zencastr da SquadCast na yin aikin da kansu, kuma tun kullen korona na 2020 kowa ya san amfaninsa.

4/ Wani abokin aiki ya ce mu ce "ɗauka mai baki biyu". Ban yarda ba. A kunnen Bahaushe mai baki biyu ba mutumin kirki ba ne, kuma fassara ce kawai aka jawo da ƙarfi. "Ɗaukar gida" ma ba ta zauna ba, don baƙo na iya kasancewa a ofis ko otal.

5/ Wata 'yar uwa ta kawo "ɗaukar tagwaye", kuma gaskiya ta burge ni ƙwarai. Tana tuna maka cewa dole fayilolin su yi kama da juna: sauti a kilohaz 48 (ma'aunin ɗaukar sauti ke nan) ta kowane ɓangare, kada wani ya sa 44.1, hoto kuma 25 ko 30 a daƙiƙa, duk wanda aka zaɓa kowa ya bi shi. In aka saɓa, a farko komai daidai, can gaba sai ka ga baki ya riga murya. Inda ta gaza shi ne ranar da baƙi suka kai huɗu. Ita ma kalmar Turancin a nan ne ta gaza.

6/ Shi ya sa na koma kan tushe. Mun saba da "majiya mai tushe" da "labari daga tushe", ba wanda zai nemi a fassara masa. Ma'anar ke nan kuwa: a kama murya da hoto a inda suka fito, kafin intanet ta matse su ta rage musu kyau. Ba ruwanta da yawan mutane. Ga ta kuma da sauƙin juyawa a baki: "Za mu yi ɗaukar tushe." "Ka turo tushenka?" "Hajiya, a sa iyafis a kunne don kada muryata ta shiga tushenki."

7/ Ta kuma ba mu abokiyar tafiyarta, "ɗaukar layi", wato abin da manhajar hirar ta ɗauka. Kada a kashe ta. Da ita mai tacewa ke jera tushen kowa a muhallinsa. Tafin nan da ake yi a farkon hira don a daidaita fayilolin da shi bai isa shi kaɗai ba, saboda jinkirin layi kan sa ka ji tafin baƙo bayan ya riga ya yi shi.

8/ An yi mini gyara cewa wasu na kiran duk fayil ɗin da ba a tace ba tushe, don haka za a rikice. Na duba maganar. Wanda ba a tace ba "ɗanye" muke ce masa tun tuni, sai mu bar masa sunansa. Ɗaukar layi ma ɗanya ce, amma ba ta tushe ba ce.

9/ Ga yadda na rubuta wa baƙona na makon gobe: "Ranka ya daɗe, ɗaukar tushe za mu yi. Sautin awa guda, in ba a matse shi ba, zai kai kusan megabait 345, bidiyon ya fi haka nesa, a bar wuri a wayar. In za a turo ta WhatsApp, a turo a matsayin takarda, don kada ya matse shi." Ya amsa da cewa ya gane, ya tambayi ƙarfe nawa za mu fara.