Kano zuwa Tunis a babur ta Aljeriya, akwai wanda ya san hanyar?

Ɗan Kurna:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ina shirin hawa babur daga Kano zuwa Tunis bayan damina, ta Damagaram, Agadas, Arlit, in shiga Aljeriya ta In Gezzam. Rairayi bai dame ni ba, na saba da shi. Abin da nake ji shi ne wai baƙo ba ya tafiya shi kaɗai a kudancin Aljeriya. Gaskiya ne, ko tsoratarwa ce irin ta 'yan tasha?

Baban Gareji:
Wa alaikumus salam. Gaskiya ne, ƙanena. Tun da aka sace Turawa 32 masu yawon Sahara a 2003, rabinsu Jamusawa, Aljeriya ta ƙara tsanani a kudu. Baƙo sai da ɗan jagora daga kamfanin yawon buɗe ido mai rajista, kai kuma za ka biya motarsa da mansa da abincinsa. Wani wurin jandarmomi su ƙara maka rakiya.

Rakiyar nan ita ce wahalar mai babur. Ba kai ke da lokacinka ba. Ka so tashi da asuba saboda sanyi, su ce sai motarsu ta iso. Ta iso da hantsi, ta kai ka ƙarshen yankinta, ta ajiye ka a shinge kana jiran ta gaba, rana na dukan kwalkwalinka, ruwan jarkarka ya zama kamar na shayi. Suna da kirki fa, har dabino za su ba ka, amma fasfonka yana hannunsu. In Gezzam zuwa Tamanrasset kusan kilomita 400 ne, daga can zuwa In Salah ya fi 600. Lissafa tankinka.

Ba'agadashe:
Kun tsallake namu ɓangaren. Kwaltar Agadas zuwa Arlit ta mutu, ramuka ne da ƙurar manyan motoci. Kuma kada ka ɗauka babur yana wucewa ko'ina a Nijar: an hana shi a Diffa a 2015, a sassan Tillaberi a 2020, saboda 'yan bindiga da shi suke kai hari. Soja ya hango baƙon mashin da kaya niƙi-niƙi, ba yawon buɗe ido ne zai fara zo masa a rai ba.

Abu na biyu, kusa da Asamaka, garin Nijar na bakin iyaka, ne Aljeriya ke sauke baƙin hauren da ta koro, su tako kilomita 15 a ƙasa. Baƙar fata mai fasfon Najeriya, kowane shinge da wannan idon zai dube ka, ko bizarka tana da kyau.

Ɗan Kurna:
Ikon Allah. To in na samu na shiga, zan iya ɓullewa Maroko maimakon Tunis?

Baban Gareji:
A'a, iyakar ƙasa tsakanin Aljeriya da Maroko a rufe take tun 1994. Maroko sai ta Muritaniya. Kafin ka sayi ko taya ɗaya, je ofishin jakadancin Aljeriya a Abuja ka tambaya ko bizar ta yarda da shigowa ta In Gezzam da abin hawa.