Neman kalma: firet da siffofin yatsu a wuyan jita

Mai Jita Samaru: Salamu alaikum. Ran Asabar zan koya wa wasu matasa a Sabon Gari kiɗan jaz da Hausa, kalma biyu sun gagare ni. Ta farko firet, ƙarafan nan da suka gitta wuyan jita. Ta biyu siffofin da yatsu ke bi in ana ƙirƙirar kiɗa nan take. Dabarar Pat Martino, makaɗin jitar jaz ɗan Filadelfiya da ya rasu a 2021, zan nuna musu: ka jera sautuka 12 a da'ira, in ka riƙa taka huɗu-huɗu alwatika ke fitowa, uku-uku kuma murabba'i. Kowane firet taki ɗaya ne a da'irar, shi ya sa riƙon diminish, wato sautuka huɗun murabba'in nan, ka matsar da shi firet 3, sautukan nan dai za ka ji.

'Yar Tudun Wada: Kunya mana, irin ta gona.

Ɗan Kongi: A rubuce sai a ɗauka jitar ce ke jin kunya, Yaya. Ai ba kan ƙarfen ake danna tsirkiya ba, tsakaninsu ne. Ka ce gida, kamar na dara: gida na 5, gida na 8.

Malamin Nahawu: Siffar kuwa hatimi ce. Gidaje a jere, lissafi a ciki. Tun bara nake faɗa, ba mai saurare.

Mai Jita Samaru: Allah gafarta Malam, hatimi ba ya lanƙwashewa. Tsakanin tsirkiyoyin jita gida 5 ne, sai tsakanin ta uku da ta biyu da yake 4. Siffa na ƙetarawa nan sai ta goce da gida ɗaya.

Malamin Nahawu: To, karkataccen hatimi.

Baban Kusfa: Garaya da molo da kuntigin Ɗan Maraya Jos, wanne ke da ƙarfe a wuya? Ku bar wa jita sunanta.

Bakano a Zariya: A Kano da tuni an raɗa musu suna.

Ɗan Kongi: Kai, malam! A Zariya aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Ina Kano take lokacin?

Bakano a Zariya: Tana ba ku Hausar da kuke bugawa.

'Yar Tudun Wada: Ku dai ba kwa gajiya. Ƙanena, ka duba zayyanar ƙofar fadar Zazzau, ka ce zayyana.

Mai Jita Samaru: Gida ya zauna. Zayyana zan gwada, in yaran suka yi dariya in koma siffa.

Malamin Nahawu: Ni dai a ajina hatimi ne.