Neman shawara: binciken ƙwayoyin ƙasa ko rumfar Baba a Mile 12?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni haifaffen Agege ne, na karanta ilimin ƙananan halittu a jami'a, na kuma gama bautar ƙasa. Abin da raina ya kwanta da shi shi ne bincike kan bakteriya masu amfani ga shuka, musamman dangin Rhizobium, waɗanda ke zama a saiwar wake da gyaɗa da waken soya, suna jawo sinadarin naitirojin daga iska suna ciyar da shukar. Baba kuwa dillalin kayan gwari ne a kasuwar Mile 12 da ke Legas, ƙarfi ya fara ja baya, yana so in riƙe masa rumfa. Ba na son saɓa masa, amma raina bai bar karatun nan ba. Don Allah, wannan fanni yana ciyar da mai shi a Najeriya? Ta ina ake farawa?

Wata 'yar'uwa daga Idi-Araba:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kimiyyar ƙasar noma na karanta, don haka zan faɗa maka abin da na sani. Aikin yana nan, amma ba a cikin Legas yake ba. Mafi kusa da kai ita ce cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan, wadda aka kafa a 1967, tana kuma da reshe a Kano. A Ibadan ɗin ake haɗa NoduMax, garin da ke ɗauke da bakteriyar da ake shafa wa irin waken soya kafin shuka. A arewa akwai cibiyar binciken noma ta IAR Samaru a Zariya da Cibiyar Noman Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero. Digiri na farko ba zai kai ka nesa ba, sai ka yi na biyu, kuma ka zaɓi malamin da ke da gonar gwaji, kada ka ƙare a ɗakin gwaje-gwaje kawai.

Ka fara koyon karanta saiwa. Tumɓuke wake lokacin da ya fara fure, a hankali, ka wanke ƙasar, za ka ga 'yan ƙulle-ƙulle a jikin saiwar. Tsaga ɗaya da farce. In cikin ja-ja ne kamar tsoka, ƙwayoyin suna aiki. In fari ne ko kore, zaman banza suke yi. Wake yakan sami abokan zamansa a ƙasarmu, amma waken soya baƙo ne, shi ya sa ya fi buƙatar a shafa masa. Kuma ka nemi labarin Mariangela Hungria ta Brazil, wadda ta ci kyautar abinci ta duniya a 2025 kan irin wannan aiki.

Wani dattijo daga Mile 12:
Yaro, ni ba ɗan boko ba ne, amma ka ji nawa. Masu binciken nan da yawa kwangila suke yi, in kuɗin tallafi ya ƙare aiki ya tsaya. Rumfa kuwa kullum motar tumatir tana sauka. Albarkar iyaye ta fi takarda. Kada ka yi wa mahaifinka gardama a gaban mutane. Ka nemi amininsa ko kawunka su zauna da shi, a ga ko akwai ƙane da za a horar a rumfar.

Wani mai sayar da kayan noma, ɗan Kaduna mazaunin Ketu:
Dattijon nan ya faɗi gaskiya game da kwangila, amma ni ina ganin kasuwa a cikin abin. Takin yuriya ya yi tsada, manomi na neman sauƙi. Matsalar ita ce garin bakteriyar nan abu ne mai rai. In ya sha rana a mota ko a shago, ƙwayoyin sun mutu, manomi ya shafa bai ga komai ba, ya ce an cuce shi. A inuwa ake gauraya shi da iri, da ɗan ruwan ƙaro don ya kama, a shuka a ranar. Kuma ba ya maye gurbin takin sufa. Wanda ya san kimiyyar, ya iya Hausa, ya san hanyar kaya tsakanin kudu da arewa, irinsa ake nema.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Zan sami Kawu ranar Juma'a kamar yadda dattijon Mile 12 ya ce. Yaya, in zan rubuta wa malami neman gurbin digiri na biyu, me ya kamata in fara ambata?

'Yar'uwa daga Idi-Araba:
Karanta takardunsa biyu ko uku tukuna, ka faɗa masa wacce tambaya ce a ciki kake son bi. Ka kuma gaya masa kana jin Hausa kuma a shirye kake ka yi damina a ƙauye.