Amanar tsofaffin bindigogi biyu: yaya zan aika su ta gidan waya daga Ohayo zuwa Niyu Jasi?

Baban Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Amurka. Ina da maƙwabci a nan Kolambas ta jihar Ohayo, dattijo ne Bature, shekara tara muna katanga ɗaya. Ni ke share masa ƙanƙara a ƙofar gida lokacin sanyi, shi kuma shi ya koya wa Hanifa hawan keke. Watan jiya jiki ya ƙi, 'yarsa ta mayar da shi gidan kula da tsofaffi. Kafin ya tafi ya kira ni ya damƙa mini bindigogi biyu na gadon gidansu, ya ce in ga sun isa hannun jikansa da ke Niyu Jasi.

Ɗaya ƙirar kamfanin Winchester ce, an rubuta 1894 a jikinta, harsashinta irin wanda ake kira .30-30 ne. Ɗayar doguwa ce irin wadda ake ɗurawa ta baki, kamar bindigar tokar maharbanmu, da sandar ɗurinta a maƙale a ƙasa. Wani abokin aikina ya ce duk bindigar da ta girmi 1899 doka ba ta ɗauke ta bindiga ba, in naɗe a kwali kawai in kai gidan waya. Hankalina bai kwanta ba. Takardun zamana a ƙasar nan ba abin da zan yi wasa da su ba ne, amanar dattijon nan kuma ba na so ta salwanta a hannuna. Wanda ya sani ya taimaka.

Ɗan Katsina a Dalas:
Wa alaikumus salam Baban Hanifa. Abokin aikinka ya faɗi rabin magana, ragowar rabin kuwa ita ke kai mutum kotu. Na yi shekara huɗu ina aiki a shagon jingina, kusan kullum sai mun taɓa irin wannan.

Gaskiya ne dokar tarayya ta 1968 ta cire bindigar da aka ƙera a 1898 ko kafin nan daga jerin bindigogi, haka ma mai ɗuri ta baki da ke aiki da baƙin albarushi. Amma shekarar da aka ƙera ita wannan ɗin da ke hannunka ake nufi. Lambar 1894 da ka gani sunan samfuri ne. Kamfanin ya yi ta ƙera samfurin nan fiye da shekara ɗari, miliyoyi, kuma kaɗan ne ƙwarai suka fito kafin 1899. Juya ta, a ƙasan ƙarfen tsakiya za ka ga lambar jikinta, ita ce shaida. Kada ka dogara da jadawalin da za ka tsinta a intanet, domin wasu sun saɓa da ainihin littattafan kamfanin da nisa. Littattafan suna gidan tarihin bindigogi na garin Kodi a jihar Wayomin. Kana biyan kuɗi su ba ka wasiƙa mai ɗauke da ranar da bindigar ta fita daga masana'anta.

To amma a taka matsalar, ko wasiƙar ta ce 1896 ba ka tsira ba, saboda inda za ta je. Niyu Jasi tana da nata ma'aunin: tsohuwar bindiga mai cin harsashi ba ta shiga sahun kayan tarihi sai in harsashinta ya ɓace a kasuwa. Shi kuwa .30-30 ba shagon mafarautan da za ka shiga ka rasa shi. Ke nan a can bindiga ce cikakkiya, kuma jikan sai yana da katin izinin sayen bindiga na jihar kafin ya karɓe ta.

Shawarata, kada ka aika gidan yaron. Ya nemi dillalin bindiga mai lasisin tarayya kusa da shi, ya tambaye shi ko yana karɓar saƙo daga wanda ba dillali ba, domin wasu ba sa karɓa. Dillalin ya turo maka kwafin lasisinsa, ka aika duka biyun can. Doguwar bindiga irin waɗannan biyun, in dai ba a ɗure take ba, mutum na iya aika ta ta gidan waya zuwa ga dillali mai lasisi a kowace jiha. Yaron ya je ya cike takarda, ya biya ɗan kuɗin dillali, ya ɗauki kayan kakansa. Ƙaramar bindiga ta hannu kuwa dokarta daban ce, kada wani ya karanta wannan ya ɗora ta a kai.

Maman Walid:
Ƙari a kan na Yaya Ɗan Katsina. Kada ka rubuta komai a bayan kwalin da zai nuna abin da ke ciki, ƙa'idar gidan wayar ce da kanta. Harsashi da albarushi ba sa bin gidan waya ko kaɗan, saboda haka ka binciki jaka da aljihunanta sosai. Ma'aikatan suna da ikon su ce ka buɗe ko ka rubuta shaidar cewa ba a ɗure take ba, amma ba a ba su damar yi maka fatawar doka ba, kada ka je da niyyar tambayarsu. Ka aika da rajista, ita ce duk hannun da ta bi sai an sa hannu, ga inshora. Sai dai ba sa karɓar salatif na roba a kanta, sai na takarda mai ɗaukar hatimi. Ni sai da na koma gida na sake naɗi lokacin da na aika sarƙar mahaifiyata.

Jikan Sarkin Bindiga:
Malam, ni a Zariya nake, dokar Amurka ba fannina ba ce. Amma gidanmu gidan 'yan bindiga ne, mu ke buga ta a hawan sallah, kuma akwai abin da ban ga kowa ya taɓo ba. Ta yaya ka san doguwar nan ba a ɗure take ba? Mai ɗuri ta baki ba ta da wurin buɗewa a leƙa. Mutanen da kan ɗura su jingine a bayan ƙofa, mai ita ya mutu, ta shekara hamsin da cikinta. Albarushi kuwa in bai sha ruwa ba, ba ya tsufa.

Ka fita da ita waje, bakin yana kallon inda ba kowa. Duba wurin da kunama ke sara, in akwai ƙaramar hular tagulla a kai, tsaya nan ka nemi masani. In babu, zare sandar ɗuri ka zura a hankali har ta tsaya, fuskarka da tafin hannunka ba sa saitin baki. Yi alama a sandar daidai bakin bindiga, ka zaro, ka shimfiɗa ta a jikin bututun ta waje. In ƙarshenta ya kai wurin da wuta ke shiga, ba komai ciki. In ya rage tazara, akwai ɗuri. Don Allah kada ka ce za ka harba don ta fita. Ƙarfen da tsatsa ta ci ta ciki fashewa yake yi, ƙanin mahaifina yatsu uku ya rasa ta haka.

Baban Hanifa:
Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Malam Jikan Sarkin Bindiga, na yi gwajin bayan la'asar a bayan gida. Ba hula, amma sandar ta tsaya saura kusan inci biyu. Sai da na zauna a kan matakala, domin mako uku ke nan tana jingine a ɗakin da yara ke ajiye kekunansu. Yanzu tana kulle, mabuɗin yana aljihuna, kuma na yi waya da wani mai gyaran bindiga, ya ce in kai masa ranar Asabar ya zaro ɗurin.

Yaya Ɗan Katsina, jikan ya sami dillali, amma katin izinin bai fito ba tukuna. In aika su jira shi a wurin dillalin, ko in riƙe har katin ya zo?

Ɗan Katsina a Dalas:
Riƙe su. Wasu dillalan suna cajin kuɗin ajiya in kaya ya daɗe. Kafin nan ka ɗauki hoton kowacce ta kowane gefe, har da lambar jikin Winchester ɗin, ka kuma sa dattijon ya rubuta 'yar takarda da hannunsa cewa kyauta ce ga jikansa, tun yana iya riƙe alƙalami.