Lissafin LTspice da awon benci sun ƙi haɗuwa

Salamu alaikum, injiniyoyi. Don Allah a taimaka mini.

Na haɗa da'irar lantarki ta 555 (ƙaramin chip mai fitar da bugun lantarki a kai a kai) da rizistoci 1k da 10k da kafasita 100nF. LTspice (manhajar kwaikwayon da'ira a kwamfuta) ya ba ni saurin bugu kusan 686Hz, daidai da lissafin hannu, amma a kan bencin aiki osiloskof (na'urar nuna siginar lantarki) yana nuna 610Hz, kuma da rana ta take a Kano sai adadin ya ƙara gocewa.

Rizistocin na auna su da mita, lafiya lau. Kafasitar ce nake zargi, ta yumbu ce da na saya a Sabon Gari, ba ta da takardar bayani, mitata kuma ba ta auna kafasita.

Ta yaya kuke tantance ko matsalar daga samfurin kwamfuta take ko daga awo? In sa ainihin ƙimomin da na auna a LTspice ne, ko in gwada Monte Carlo (maimaita lissafin sau da yawa da ƙimomin da ake sauyawa kara-zube)? Kuma bambancin kashi nawa kuke amincewa da shi?