In kafa eriya ko in jira intanet ta tauraron ɗan'adam?

Mai Albasa:
Salamu alaikum 'yan'uwa, shawara nake nema. Ina wani ƙauye bayan Gashiga, ba nisa da Garwa, amma wajen rezo, wato sabis ɗin waya, sai ka ce a bayan duniya muke. In na hau tudun bayan maƙabarta waya ta nuna 4G, ina saukowa gida harafin E, alamar intanet mai tafiyar hawainiya, ya fito ya zauna daram. Jiya mai sayen albasata a Duwala ya ce in turo bidiyon buhunan kafin ya aiko kuɗi. Tun la'asar abin ke juyawa har aka kira magariba, ƙarshe ya saya wurin wani. Buhu 40 fa! Ɗan ƙanena ya ce in sayi akwatin nan da ake sa wa layi, in haɗa da eriya a kan dogon ƙarfe. Wani kuma ya ce kar in ɓata kuɗina, intanet ta tauraron ɗan'adam na nan tafe. Tun 2015 4G ta shigo Kamaru, mu har yau ƙamshinta muke ji. Wannan ma haka za mu jira ta?

Ɗan Kusiri:
Wa alaikumus salam Alhaji. Starlink ake nufi. Nan tsallaken gadar Ngeli, Cadi ta ba su izini a ƙarshen 2024, a 2025 aka fara aiki da ita, ina ganin farantan a kan rufin gidaje a Injamena. Mu kuwa a Kamaru, a Afrilun 2024 aka ba 'yan duwan, wato kwastan, umarnin kama kayan in an shigo da su. Kar wani ya ruɗe ka ya tsallako maka da faranti, sai ka ji izinin hukuma da kunnenka.

Mai Gyaran Waya, Marwa:
Baba, eriya ba ta ƙirƙirar rezo, wanda ke yawo a sama take kamowa. Tunda tudu na samu, akwai alamar nasara. Kafin ka kashe ko dala, kunna raba intanet a waya ɗaya, ɗaure ta a bakin doguwar gora, a ɗaga sama da rufin ɗaki, ka gwada da wata wayar a ƙasa. In ta kama, sayi. Sai dai da bazara, in ruwan madatsar Lagdo mai ba mu lantarki ya ja baya aka shiga ɗauke wuta, batiran turken kamfani kan mutu, a lokacin ko eriyarka ta taɓo gajimare ba abin da za ta kamo.

Hajiya Mai Atamfa:
Ni dai ƙarfe 3 na dare nake tura hotunan kaya, lokacin kowa ya yi barci. Har maigida ya ɗauka tahajjudi na dage da shi.

Mai Albasa:
Allah ya saka da alheri. Mun gwada gorar da hantsi, yaran unguwa na ta dariya. Bidiyon ya tafi kafin shayina ya huce. Malam na Marwa, ƙarfen mita nawa zan sa a yanko min a Garwa?